Aikin Majalisar Tarayya Na Yau Da Kullum, Da Maganar Takardar Asali

Jawabin da kwamitin kare haƙƙi na ƙungiyarmu ya gabatar a taron magidanta da iyalai a Maiduguri

 

Shugaban wannan taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwa, ma'aikata da matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Mun san da yawanku sun rufe shago ko sun bar rumfa a hannun yaro kafin su zo. Allah Ya saka da alheri, Ya mayar muku da abin da kuka bari.

Bayan haka, abin da dattawa suka ɗora mana mu yi magana a kai yau shi ne Majalisar Dokoki ta Tarayya da ke Abuja, da yadda take gudanar da aikinta na kullum. Wataƙila wani ya ce, mai sayar da kifi a Tashar Baga ko tela a Hausari, ina ruwansa da abin da ake yi a zauren majalisa? To, bari mu fara da wani kuka da aka kawo wa kwamitinmu, daga nan kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

Wani ɗanmu ne, an haife shi a Hausari, an haifi mahaifinsa a Hausari. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da niyyar zuwa Makka ta ƙasa, ya yada zango a Yerwa, Allah Ya yi zamansa da kabarinsa a nan. Yaron ya gama karatu, sai aka buɗe ɗaukar aiki a wata hukumar gwamnatin tarayya, aka ce kowa ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda muka fi sani da takardar indijin. Ya je inda ake bayarwa a nan, aka tambaye shi garin kakansa, ya faɗa, aka ce can zai je. Mahaifiyarsa ta ranto kuɗin mota ya tafi. Da ya isa aka ce ya kawo mai unguwa ko dagacin da ya san gidansu. Gidan da aka bari fiye da shekara 70, wa zai san shi? Kafin ya dawo an rufe karɓar takardu.

Gaskiya ne akwai waɗanda suka samu wannan takarda a nan ba tare da wata wahala ba, kuma muna godiya ga waɗanda suka kyautata mana. Amma abin da wani zai samu wani ya rasa, gwargwadon wanda ya tarar a kan tebur ranar, alfarma ce. Mu kuwa haƙƙi muke nema, kuma haƙƙi a ƙasar nan a majalisa ake rubuta shi.

Abin Da Tsarin Mulki Ya Ce

Tsarin mulkin 1999 ya ba mu abubuwa masu yawa. Sashe na 41 ya ce kowane ɗan Nijeriya yana da 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina. Sashe na 15 ma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a kowane ɓangare na tarayya, sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara kotu a kansa.

Amma kuma wannan kundin dai shi ne ya ce a sashe na 14 a riƙa raba muƙaman gwamnati daidai tsakanin jihohi, ya kuma ce a sashe na 147 dole Shugaban Ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, wanda zai kasance ɗan asalin jihar. Ya ambaci ɗan asali, bai faɗi wane ne ɗan asali ba, bai faɗi shekara nawa zuriya za ta yi a wuri kafin ta zama ta wurin ba. Wannan giɓi shi ne ramin da ɗanmu ya faɗa. Shugaban ƙaramar hukuma ba zai iya cike shi ba, gwamna ma haka. Aikin yana farawa ne daga Majalisar Tarayya.

Yini Guda A Majalisa

Majalisar Tarayya zaure biyu ce. Majalisar Dattawa tana da sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja. Majalisar Wakilai tana da wakilai 360, goma daga cikinsu daga Borno. A zaɓen 2023, Kaka Shehu Lawan ne ya ci kujerar sanatan Borno ta Tsakiya, wadda Maiduguri take ciki, Abdulkadir Rahis ya ci ta wakilin birnin Maiduguri, Ahmed Satomi kuma ta Jere. A watan Yunin shekarar aka rantsar da majalisa ta goma, aka zaɓi Godswill Akpabio Shugaban Majalisar Dattawa, Tajudeen Abbas na Zariya kuma Kakakin Majalisar Wakilai.

Bisa al'ada ana zama a zaure ranakun Talata, Laraba da Alhamis, ban da tarukan kwamitoci. Tsarin mulki ya ce kowane zaure ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma zama ba ya halatta sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar suna nan, wato sanatoci 37 ko wakilai 120. Da Turanci ake magana, ko da yake sashe na 55 ya yarda a yi da Hausa ko Ibo ko Yarabanci idan an yi tanadin da ya kamata.

Kafin a shiga, akan raba wa kowane ɗan majalisa takardar jerin ayyukan ranar. Jama'a, ku riƙe sunan wannan takarda, domin ita ce zuciyar maganarmu. In ban da abin gaggawa, abin da ba ya cikinta ba a yin maganarsa ranar. Ƙudurin doka yana iya yin shekara guda a ajiye don kawai ba a sa shi cikin wannan takarda ba, kuma kwamitin tsara ayyukan majalisa tare da shugabanni ne suke zaɓar abin da zai shiga.

Da hantsi sai shugaban zaure ya shigo, ana ɗauke da sandar majalisa a gabansa, a ɗora ta a kan tebur. Idan babu sandar, babu zama. Sai a yi addu'a, a amince da rubutaccen bayanin abin da aka zartar a zaman da ya wuce, a karanta sanarwa da wasiƙun Shugaban Ƙasa idan akwai. Daga nan sai a zo kan koke-koken jama'a, inda ɗan majalisa zai miƙe ya ce ga takardar koke daga mutanen mazaɓata, ya ajiye ta, a miƙa ta ga kwamitin koke-koke. Bayan nan akan saurari al'amuran gaggawa, kamar hari ko gobara ko ambaliya. Sai gabatar da sababbin ƙudurorin doka, da karɓar rahotannin kwamitoci, da muhawara. Idan za a yanke magana, shugaba yakan ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya saurari wanda muryarsu ta fi ƙarfi, ya buga guduma. Duk kalmar da aka furta ana rubuta ta a wani kundi da ake kira Hansad, saboda haka ɗan majalisa ba zai iya cewa ya yi maganar da bai yi ba.

Ƙuduri Iri Biyu Ne

A nan ne akan ruɗe mu. Sau da yawa muna jin rediyo ya ce majalisa ta amince da ƙuduri, sai mu ɗauka an gama. Alhali kalma ɗaya ce ake faɗa wa abu biyu.

Na farko shi ne ƙudurin jan hankali. Ɗan majalisa ya tashi ya bayyana wata damuwa, a yi muhawara, majalisa ta cim ma matsaya cewa tana kira ga ma'aikata kaza ta yi kaza. Wannan kira ne, ma'aikatar tana iya yi, tana iya ƙi. Yana da amfani domin yana sa a ji kukan mutane, amma ba ya canza doka.

Na biyu shi ne ƙudurin doka, kuma hanyarsa doguwa ce. A karatu na farko akawu yakan karanta sunansa kawai, babu muhawara. A karatu na biyu ne ake muhawara kan manufarsa, idan ya tsallake a miƙa shi ga kwamiti. Kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, ya dawo da rahoto, majalisa ta bi shi sashe-sashe, sannan a yi karatu na uku. Sai a aika da shi ɗaya zauren ya sake bin wannan hanya. Idan an samu saɓani tsakanin zaurukan biyu, a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita. Daga nan sai teburin Shugaban Ƙasa, wanda yake da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure suna iya mayar da shi doka ko ba hannunsa, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a shekarar 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta.

Ga misalin bambancin a gabanmu. An sha yin ƙudurorin jaje da kira kan halin da rikici ya jefa Borno. Amma Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, wadda hedkwatarta take nan Maiduguri, ƙudurin doka ne ya haife ta, bayan ya bi duk waɗannan matakai har Shugaba Buhari ya sa masa hannu a watan Oktoban 2017. Saboda haka duk ranar da ɗan majalisa ya zo ya ce mana ya kai ƙuduri a kan maganarmu, mu tambaye shi cikin ladabi: ranka ya daɗe, wane iri ne, kuma yana karatu na nawa?

Gyaran tsarin mulki kuwa ya fi wannan wuya. A nan murya ba ta isa, sai an ƙirga ƙuri'a. Ana bukatar sanatoci 73 da wakilai 240, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. Idan gyaran ya taɓa babi na huɗu, inda haƙƙoƙin ɗan ƙasa suke, sai an samu kashi huɗu cikin biyar, wato sanatoci 88 da wakilai 288. Kuma duk ƙudurin da bai kammala ba har wa'adin majalisa na shekara huɗu ya ƙare, ya mutu ke nan, sai sabuwar majalisa ta faro daga farko.

Inda Maganarmu Ta Kwana

'Yan'uwa, maganar ɗan asali da baƙo ba sabuwa ba ce. Mun ga abin da ta jawo a Zangon Kataf a 1992, da Jos a 2001 da 2008, inda rayuka da dukiyoyi masu yawa suka salwanta. A 2006 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan bambancin da ake nuna wa waɗanda ba 'yan asali ba a jihohin Nijeriya. Mu a Borno, alhamdu lillahi, ba mu taɓa ganin irin wannan tsakaninmu da masu masaukinmu ba. Amma takardar dai ita ce.

Sau biyu a shekarun baya-bayan nan maganar ta shiga takardar ayyukan majalisa. A ranar 1 ga Maris 2022, majalisa ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurori 68 na gyaran tsarin mulki. Ɗaya daga ciki yana neman macen da ta yi aure a wata jiha ta zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar. Aka kayar da shi tare da sauran ƙudurorin da suka shafi mata. Mata suka yi dafifi a ƙofar majalisa kwana da kwanaki, har Majalisar Wakilai ta janye hukuncinta a kan uku daga ciki ranar 8 ga watan, da alkawarin sake duba su. Duk da haka bai zama doka ba har majalisa ta tara ta tashi a 2023. Iyayenmu mata, wannan ya shafe ku kai tsaye, ku da 'ya'yanmu da suke aure a gidajen Barebari da Shuwa da Babur, da nasu 'ya'yan da suke aure a gidajenmu.

A 2025 kuma, Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudurin da zai ba mutum matsayin ɗan asalin jiha ta hanyar haihuwa, ko zaman shekara goma, ko aure. Da a ce ya zama doka, da ɗanmu na Hausari bai hau motar Katsina ba. Ƙudurin ya tsallake karatu na biyu. Sai ƙungiyoyi daga sassa daban-daban na ƙasar suka taso masa, suka rubuta takardu, suka yi magana a jaridu da rediyo. A watan Yulin shekarar, mai ƙudurin da kansa ya janye shi.

A wannan watan na Yuli dai, kwamitin gyaran tsarin mulki na Majalisar Dattawa, wanda Sanata Barau Jibrin yake shugabanta, ya kawo zaman jin ra'ayin mutanen Arewa maso Gabas nan cikin Maiduguri. Majalisa ta zo har ƙofar gida. To, mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu a matsayin ƙungiya ba mu kai ko takarda ɗaya ba. Yawancinmu sai bayan an watse muka ji. Masu adawa da ƙudurin sun bi shi sawu da ƙafa, mu da aka yi dominmu muna kasuwa. Wannan laifi kwamitinmu ne ya fara ɗaukarsa, kuma muna neman gafararku.

Kada wani ya ce talaka ba ya iya motsa majalisa. Matasan ƙasar nan sun bi ƙudurin rage shekarun tsayawa takara daga zaure zuwa zaure, daga majalisar wannan jiha zuwa ta waccan, har Shugaba Buhari ya sa masa hannu ranar 31 ga Mayu 2018. Yau ɗan shekara 25 yana iya neman kujerar Majalisar Wakilai, a da sai mai 30. Naci suka yi, kuma sun san matakin da ƙudurinsu yake a kowane mako.

Abin Da Muke Ba Da Shawara

Na farko, katin zaɓe. Jefa ƙuri'a ba ya bukatar takardar asali, inda mutum yake zaune nan yake rajista. Haka nan sharuɗɗan da tsarin mulki ya gindaya wa mai neman kujerar majalisa ba su ce sai ɗan asalin jiha ba. Ƙuri'ar Hausari da Gwange da Bolori da Gamboru daidai take da ta kowa, kuma wanda aka zaɓa wakilin duk mazauna mazaɓar ne. Kowane magidanci ya tabbatar matansa da 'ya'yansa da suka kai shekara 18 suna da kati.

Na biyu, mu sa matasa biyu ko uku masu karatu su riƙa duba takardar ayyukan majalisa a intanet kowace Talata, Laraba da Alhamis. Da wayar hannu ma ana iya kallon zaman kai tsaye. Duk ranar da suka ga wani abu a kan asali, ko zama, ko rabon guraben aiki da karatu, su sanar da kwamiti a ranar, mu kuma mu sa shi a wannan mujalla.

Na uku, takardar koke. Mutum ba ya shiga zaure ya miƙa ta da kansa, ta hannun ɗan majalisa take bi. A rubuta ta da Turanci, da harshe na ladabi, da sa hannun masu koken, kuma kada ta kasance maganar da take gaban kotu. Kwamitin koke-koke yakan gayyaci mai koke da hukumar da ake kuka da ita, ya saurari kowa, ya kai rahoto zaure. Don haka muna roƙon duk gidan da aka taɓa hana ɗansa takarda, ko ya rasa aiki ko gurbin karatu ko tallafin karatu saboda ita, ya zo wurin sakatare a rubuta: yaushe, me aka nema, me aka ce. Koke mai ɗauke da shaidar gida hamsin ya fi kukan mutum ɗaya nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, mu rubuta matsayinmu tun yanzu mu ajiye, mu kai wa sanatanmu da wakilanmu kwafi a ofisoshinsu na mazaɓa, domin duk ranar da aka sake kiran jin ra'ayin jama'a, a nan ko a Abuja, a same mu a shirye. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Na biyar kuma shi ne mafi muhimmanci, mu kiyaye harshenmu. Wannan magana ba faɗa ba ce da masu masaukinmu. Waɗanda suke tsoron irin wannan doka suna da dalilinsu: guraben aiki da na karatu kaɗan ne, kuma kowa yana gudun a mamaye masa sarautar gargajiya da ƙasar gado. Mu fito fili mu ce ba sarautar kowa muke nema ba. Muna ƙarƙashin inuwar Mai Martaba Shehun Borno kamar yadda kakanninmu suka zauna tun da aka kafa Yerwa a 1907. Abin da muke nema shi ne yaron da aka haifa a nan, wanda ubansa yake biyan haraji a nan, kada ya zama marar gari a ƙasarsa. Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 ba ta tambayi takardar kowa ba, haka ruwan Alau da ya shigo gari ranar 10 ga Satumba 2024. Tare muka yi asara, tare muka kwana a sansani.

Kuma mu sani doka ba ta da ɓangare. Yadda Maiduguri take da Hausari, haka Kano take da Zangon Barebari, take da Sabon Gari. Abin da muke roƙa wa 'ya'yanmu a nan, sai mun yarda a ba ɗan Babarbare da ɗan Ibo da ɗan Bayarabe da aka haifa a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya. Idan ba mu shirya faɗa wa 'yan'uwanmu na gida wannan ba, to ba mu da bakin nema a nan. Shi ya sa muke ba da shawarar mu tuntuɓi sauran ƙungiyoyin mazauna garin nan, mu kuma nemi dattawan Barebari masu fahimta su sa mana baki, domin sanatoci 73 da jihohi 24 ba su samuwa da muryar ƙabila ɗaya.

Daga ƙarshe, sakatare zai zauna a bakin ƙofa da littafi bayan an tashi. Masu labarin da za a rubuta, da matasan da za su ɗauki aikin bibiyar majalisa, su ba da sunayensu kafin su tafi. Iyayenmu mata kuma akwai wadda za ta zauna da ku a ɓangarenku.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya ba mu ladarsa baki ɗaya. Inda muka yi kuskure, Allah Ya yafe mana, ku ma ku yafe mana. Allah Ya zaunar da jihar Borno da Nijeriya lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.